Kek ɗin da Ake Kira Ilu

A kasuwar Shisanhang ta China, in ɗan kasuwa ya ce "ilu", ɗan kek ɗin nan yake nufi mai ƙwai a tsakiya. Har 'yan Ghana da Ibo sun saka kalmar a Turancinsu. Kaɗan ne suka san sunan mutum ne.

Malam Ilu mutumin Maraɗi ne, wandunan jins yake sarowa daga garin Xintang. Shekara shida yana jan Hausawa salla a wani ɗaki da ke saman sito. Kasuwarsa ba ta kai a gaishe shi dominta ba. Limancin nan shi ne girmansa. Duk azumi yakan zo da kwalin kek mai ɗumi daga shagon wata tsohuwa 'yar China, ya raba da hannunsa a sha ruwa.

Abdulgani, wani Bakano mai jin Sinanci, ya daɗe yana hangen gaban sahu. Tun farkon azumin shekara ta shidan ya tambayi tsohuwar da me take murza fulawa, ta nuna masa gwangwanin man alade. Bai gaya wa kowa ba. Kullum ya karɓi nasa ya zura a aljihu. Sai ran ashirin da bakwai ga wata, ɗaki ya cika maƙil, ya jira kowa ya haɗiye.

"Malam, Allah ya saka da alheri," in ji shi. "Shekara shida kana ciyar da mu alade."

Ilu ya ce wallahi ya tambayi matar ko akwai nama a ciki, ta ce babu. Maganar mai ce ba ta zo masa ba. Wani ya fita yana kakarin amai. Wani ya ce rashin sani ba zunubi ba ne, amma ƙasa-ƙasa ya faɗa.

Da aka ta da iƙama Ilu ya nufi gaba, ya tarar Abdulgani ya riga shi tsayawa. Ya koma sahu na uku. Na kusa da shi ya janye kafaɗa.

Kafin ƙaramar salla, sunansa ya bi kek ɗin.

Bana wani baƙo daga Yamai ya tare Ilu a ƙofar shagon tsohuwar, ya ce an gargaɗe shi kada ya ci ilu, ko wannan ne? Ilu ya ce shi ne. Baƙon ya yi godiya, ya ce, Baba, mene ne sunanka?

Ilu ya dubi kwalayen kek ɗin da ke jere a gilashi.

"Haruna," ya ce.