Amon da Babu Murya a Bayansa

Orville Haskett yana wanke haƙoran robarsa a cikin kofi, sai rediyon da ke kan firji ya yi wani kuka da bai taɓa ji ba. Amo biyu ne. Na farko mai kauri, kamar saniya tana kiran ɗanta daga nesa. Na biyu siriri, dogo, har karen maƙwabta ya amsa. Ya tsaya da buroshi a hannu yana jiran murya, domin duk amon da ya fito a tashoshin agajin gaggawa, mace ce ke biyo bayansa ta ce gobara a wuri kaza, ko mota ta kife a hanya kaza. Wannan karon babu wadda ta biyo. Sai shuuu.

Allah ya sa na'urarsa ta naɗar sauti a kunne take kwana. Ya mayar, ya sake ji, har barci ya ɗauke shi a kan kujera.

Tun da ya bar aiki a rumbun alkamar garin Tolliver da ke jihar Kansas, sauraro ne sana'arsa. Ya san amon kowane ƙauye a gundumar kamar yadda uwa ta san kukan 'ya'yanta: wannan na tada 'yan kwana-kwanan Tolliver ne, wancan na motar asibiti ne. Su kaɗan ne masu irin wannan jarabar, duk tsofaffi, suna da shafi a intanet inda suke tara tashoshi da amonsu. Dokokinsu biyu ne. Ba a sa abu a shafin sai mutum biyu sun ji shi da kunnensu. Sannan ana saurare ne kawai, ba a magana a tashar hukuma ko da tari ne.

Mai riƙe da shafin Delbert Kunkel ne, tsohon ma'aikacin gidan waya. Ba su jituwa da Orville tun wata safiyar hazo da Orville ya ce ya jiyo masunta suna hira a kan teku, alhali tsakanin Kansas da teku sai an kwana a hanya. Har yau Orville ya tabbata ya ji su. Ɗaya ma yana yi wa ɗan'uwansa ƙorafin ciwon haƙori.

Da safe Orville ya sami Delbert a shagon kofi na Wanda. Shagon wayam, kowa na gona. Girbin alkama ya kama, an kuma ce hadarin ƙanƙara zai sauko kafin faɗuwar rana.

Orville ya ajiye na'urar kusa da farantin Delbert, ya danna.

Delbert bai daina tauna naman alade ba. "Firjinka ne."

"Firji na yin amo biyu?"

"Naka zai yi uku ma. Ya girmi jikokina."

"A wata tasha ce can gefe, wadda ba kowa a cikinta. Na ce maka na jiniyar da ke kan tsohon rumbu ne. Sun gyara ta a ɓoye."

"Wadda tattabarai suka yi gida a ciki? Orville, kai dai ka sha maganinka."

"Ka sa a shafi, ka rubuta sunana."

"Wa ya ji ban da kai?"

"Ga shi ka ji yanzu."

"Na ji akwatinka, ban ji iska ba. Ko masuntanka ne za su zo su yi maka shaida?"

Wanda ta tuntsire da dariya har kofi ya zuba a kan tebur. Kunnuwan Orville suka yi ja.

Delbert ya goge baki, ya nuna shi da cokali mai yatsu. "Kuma bari in ja maka kunne, tsohon banza. Marlys Ostrander ta hukumar agaji ta daɗe tana neman dalilin kulle tashoshin nan, kamar yadda aka yi a gundumar da ke gabas da mu. A can yanzu in ka kunna rediyo sai ka ji kamar ana ruwa a kan kwano. Ta ce kuskure ɗaya daga wajenmu ya ishe ta. Kar ka je kana buga musu waya kana tambayar jiniya."

"Ba zan buga wa kowa waya ba," in ji Orville, ya ɗauki na'urarsa ya fita bai sha kofin ba.

Bai yi ƙarya ba, waya ba ta cikin ransa. A garejinsa, ƙarƙashin wata mujiyar roba da tulin lambobin motoci na jihohin da bai taɓa zuwa ba, akwai tsohon rediyon motar kwana-kwana da ya saya a gwanjo. Wannan ba saurare kaɗai yake yi ba, yana magana. Tasha ɗaya tak ya sani, babbar tashar gunduma, amma Orville ya ga ai amo amo ne, ko ta wace ƙofa ya shiga, jiniya za ta gane kiranta.

Ya yi lissafinsa tsaf. In ya sake shi da tsakar rana, jiniyar za ta yi kuka, mutane su ɗauka gwaji ne, su ci gaba da abincinsu. Delbert kuwa rediyonsa ba ya mutuwa, zai ji amon a iska, ya ji jiniyar ta taga. Kunne biyu ke nan. Ya ma hango tattabarai suna tashi fir daga kan rumbun, farare a cikin rana.

Da rana ta take, ya haɗa rediyon da batirin mota, ya kara na'urar a bakin abin magana, ya matse.

Mai kauri. Siriri, dogo.

Ya fito tsakar gida ya zuba wa rumbun ido. Ko tattabara ɗaya ba ta motsa ba.

Sai rediyon kicin ya ɓarke. Muryoyi a kan muryoyi. "Tolliver na hanya." "Grange Creek na hanya, ina ne?" "Mun taso daga Ellery, ku faɗa mana wuri!" Mai amsa kira tana ta cewa, "Ba ni na kira ba, ku dakata, ba ni na kira ba," amma ba mai jin ta. Can sai ga motoci a-kori-kura suna shararowa daga gonaki, ƙura na bin su, fitilu na walƙiya a gabansu, domin 'yan kwana-kwanan yankin duk manoma ne 'yan sa kai. Orville ya koma gareji ya cire batirin. Ya mayar da mujiyar wurinta.

Gano shi bai yi wuya ba. Tsohon rediyon yana aika lambar motar da aka ciro shi daga ciki, kuma kowa ya san wanda ya saye shi.

La'asar sakaliya suka zo. Gabas tas, yamma kuwa ta yi baƙi ƙirin. Marlys Ostrander ce a gaba, hular hukuma a kanta. Bayanta manoma cikin rigunan kwana-kwana, ƙaiƙayi a gashinsu. Delbert ya tsaya can wajen shinge, hannu a aljihu.

"Baba Orville, miƙo min rediyon," in ji Marlys.

"Jiniya nake gwadawa."

"Babu jiniya. An cire kayan cikinta tun ina makaranta. Abin da ka ji sabon kira ne, na tada kowa da kowa a gunduma in babban bala'i ya auku. Mai gyara ya gwada shi a tashar gwaji don kar ya tada mutane. Kai kuma ka zo ka sako shi a babbar tasha."

Wani ƙato, Royce Dettmer, shugaban 'yan kwana-kwanan Tolliver, ya matso har Orville ya ji warin man dizal a jikinsa. "Ka san abin da wannan kiran ke nufi? Na ɗauka makaranta ce ta kama da wuta. Na bar injin girbi yana aiki a tsakiyar gona. Rabin alkamata na tsaye, ga abin can yana zuwa." Ya nuna yamma. "Don ka ji jiniya?"

"Don a sa a shafi," in ji Orville a hankali.

"Shafin uwar wa?"

"Royce," in ji Marlys.

"A'a, bar ni! Da ba tsoho ba ne, da na cusa masa rediyon nan a baki."

Orville ya juya wajen shinge. Bai yi niyyar tambaya ba, bakinsa ne ya riga shi. "Delbert, ka ji shi?"

"Na ji," in ji Delbert. "Tar da kunnena. Ya tabbata, Orville. Zan rubuta sunanka da manyan baƙaƙe, kowa ya san wanda zai gode wa."

Marlys ta karɓi rediyon ta rungume, ta dubi Delbert. "Rubuta da sauri. Gobe za a sauya amon. Kafin wata ya ƙare kuma za a kulle duk tashoshin. Na kira shugabannin gunduma, ba wanda ya yi min musu."

Delbert ya tofar da yawu, ya bi shinge ya tafi bai waiwayo ba.

Ƙanƙarar farko ta faɗo a kan rufin gareji, ƙwas. Manoman suka ɗaga kai sama, ba wanda ya yi gudu, don babu sauran abin yi wa gudu.

A lokacin ne maƙwabciyarsa Luella Brandt ta leƙo ta kan shinge, gari a hannuwanta, wani ɗan rediyo na ƙara a aljihun rigar girkinta. Ɗanta Wade yana cikin waɗanda ke tsaye a tsakar gidan, shi ne mai fara shiga in gida ya kama da wuta. Ta dubi Marlys, ta dubi Orville, sannan ta dubi ɗan nata.

"To in an kulle," ta ce, "ranar da Wade ya shiga wuta, a ina zan ji cewa ya fito?"