Baban da Aka Dawo da Shi

Yana tsaye a bakin ƙofar banɗaki, hannuwansa biyu a baya, matarsa ta fito daga kicin ta gan shi.

"Baban Mitsil, me kake jira? Ai ba kowa a ciki."

Sai a lokacin ya farga. Jira yake a buɗe masa. Da safen nan aka sallamo shi daga gidan yari, inda ya share shekaru saboda bas ɗin da yake tuƙawa ta ƙwace masa ta kashe mutane, kuma a duk zaman nan bai taɓa buɗe wa kansa ƙofa ba. Ya yi 'yar dariya don ya rufe kunya. Da ya waiga, sai ga 'yarsa a kan kujera, littafi a cinyarta, ta zuba masa ido ko ƙiftawa ba ta yi.

Mitsil dai suna ne kawai ya rage. Shi ya laƙaba mata tun tana 'yar mitsitsiya, yana yawo da ita a wuya. Yanzu ta kai kafaɗar uwarta, tana karanta littattafai masu kauri da kanta. Shi ne ya hana a kai ta ziyara, ya ce a gaya mata ya yi tafiya mai nisa. Tun shigowarsa ba ta ce masa Baba ba. "Sannu da zuwa" ta ce, irin wadda ake yi wa mai gyaran famfo. Kalmar nan ɗaya yake so ya ji, ita ya yi shekaru yana jira.

Wurin cin abinci abin ya ƙara dagulewa. Ya kare farantinsa da hannu, ya sunkuya, kafin matarsa ta gama zama ya share shi tas. Cokali ya faɗi ƙasa, ya miƙe zumbur. Mitsil ta dubi littafinta, ta dube shi, ta gyaɗa kai a hankali.

"Wai littafin mene ne haka da ba a ajiye shi?" ya tambaye ta, yana tausasa murya.

"Na makaranta ne."

"Labarin me?"

"Sararin samaniya," in ji ta, ta kwashi littafin ta shige ɗaki.

A kicin matarsa ta ce, "Rabu da ita, littafin nan ya hana ni sakat. Wata yarinya ce da iyayenta a cikin kumbo. Halittun wata duniya suka sace uban, suka dawo da wani mai kama da shi sak, har tabon goshi. Ta karanta min har na haddace." Ta yi dariya, dariyar ta mutu a hanya. "Ranar da na ce mata za ka dawo, ka san me ta tambaye ni? Wai ta yaya za mu gane kai ne."

Maganar ta soke shi, ya ci gaba da goge farantin da ya riga ya bushe.

Can da yamma Mitsil ta shiga wanka, ta bar littafin a hannun kujera. Ya ɗauka kamar ɓarawo. A bangon an zana kumbo da wata koriyar halitta mai ido uku. Ya buɗe inda ta lanƙwasa takarda, ya bi layin da yatsa. Yarinyar cikin labarin ta yaudari mutumin ya shiga siton kumbo, ta kulle shi. Uban gaskiya, in ji littafin, zai yi ta dukan ƙofa yana kiran sunan 'yarsa yana faɗa. Na jabu kuwa a cikin akwati aka raine shi, saboda haka zama zai yi shiru ya jira.

"Kai, masu rubutun nan ba su da aikin yi," ya faɗa a ransa. Amma ya ji wani sanyi. In dai wannan ce jarrabawar, ai da sauƙi. Zai daki ƙofar har maƙwabta su fito.

Ba a daɗe ba Mitsil ta zo ta tsaya nesa da shi, gashinta da sauran danshi. Uwarta na baranda tana shanya.

"Mama ta ce a sauko mata da babban bokiti a sito. Ni hannuna ba ya kaiwa."

Ƙarya ce tsagwaronta, ko iya yin ta ba ta yi ba. Ya danne murmushi.

"To, 'yar Baba. Bari in sauko da shi."

Wannan karon da kansa ya murɗa ƙofar, yana so ta gani. Siton ƙarami ne, ba taga, sai warin sabulu da jiƙaƙƙen tsumma. Yana shiga ƙofar ta rufe a bayansa. Sakata ta yi ƙarap.

Wayyo Allah! Abin da bai yi tsammani ba shi ne daɗin da zai ji. Tun safe ƙirjinsa a ɗaure yake: tagogi a buɗe, hayaniyar motoci, mutane suna wucewa ta bayansa ba sallama. Ƙarar sakatar nan ta sauke masa duka. Kafaɗunsa suka saki, numfashinsa ya daidaita. Bai san lokacin da ya kifa bokiti ya zauna a kai ba, tafukansa a kan gwiwa, yadda ake zama in za a ƙirga fursunoni.

Ya jima a haka kafin ya lura da inuwar ƙafafun Mitsil ta ƙasan ƙofa. Tana nan tsaye, tana saurare.

Ya miƙe, ya dunƙule hannu, ya ɗaga. Hannun ya tsaya a sama. A shekararsa ta farko ya taɓa dukan ƙofa, daren da aka ce masa Mitsil na asibiti da zazzaɓi, kuma gandirobobi sun koya masa abin da bai manta ba. Har yau yatsunsa biyu ba sa miƙewa. Ya ce wa kansa, nan gidanka ne, 'yarka ce, doka mana! Da hannun ya sauka a ƙarshe, da gaɓar yatsa ɗaya ya ƙwanƙwasa, a hankali. Ya buɗe baki zai ƙwala mata kira, sai ya ji muryarsa ta fito can ƙasa, a ladabce.

"Yallaɓai, don Allah a taimaka."

Ƙafafun suka ɗan ƙara tsayawa, sannan inuwar ta janye. Ya ji ta a falo. Ba kuka take ba, da ma kukan ta yi.

"Mama, ba shi ba ne."

Ya ji takun matarsa da gudu, tana salati, tana yi wa yarinyar tsawa. Kafin ta zare sakatar, ya riga ya ja da baya daga bakin ƙofar, ya sunkuyar da kai, ya mayar da hannuwansa biyu baya.