Keken Wada

Samari huɗu ne suka kama keken, biyu gaba biyu baya, suka cilla shi cikin kamiyon ɗaukar kaya kamar buhun dusa. Ƙarar da ƙarfen ya yi lokacin da ya faɗa kan sauran kekunan, Wada ya ji ta har cikin haƙoransa. Yana zaune a kan simintin bayan filin wasa, ƙafafunsa da shan inna ta shanye tun yana yaro suna naɗe gefe guda.

"A hankali don Allah," ya ce. "Sarƙar ba ta son wurgi."

Babu wanda ya waiwayo sai Mushe Kamal, wato Malam Kamal a bakin ƴan boko, jami'in kwamitin shirya gasa, mai farar riga da katin aiki rataye a wuya. Ya matso yana share zufa.

"Malam Wada, gobe za a buɗe gasa. Ƙasashe za su zo, da ƴan jarida da masu kamara, kuma mu ne masu masauki. Ka ga ya dace baƙi su tarar da wannan tarkace a bakin ƙofa?"

"Ina za a kai su, Mushe?"

"Mangazar kwamiti, ɗakin ajiyarmu. Za a kulle su. Ana gama gasa kowa ya ɗauki abinsa, in ma yana so. Ai ga sababbi an ba ku."

Ya nuna layin kekunan da aka jera a inuwa, suna ƙyalli, tayoyinsu sirara kamar awarwaro. Kowane ɗan wasa an ba shi guda na zama, masu tsere kuma an ƙara musu da wani mai tsawo mai taya uku. Wada ya san sun fi nasa kyau nesa ba kusa ba. Amma idonsa bai bar kamiyon ba har ya sha kwana.

Dogo, mai jifan dalma daga Gidan Rumji, ya dogara sandunansa ya zauna kusa da shi. Ƙafa ɗaya gare shi, kuma nasa keken ma yana cikin motar.

"An share mu ke nan, yadda ake share tsakar gida in baƙi na tafe," ya ce.

"Ka ji dai ya ce za a kulle su."

"Na ji ya ce."

* * *

Keken nan ba saya Wada ya yi ba, haɗa shi aka yi. Wani mai walda a Gazawa ne ya ƙera masa shi da bututun tsohon gado da sarƙar babur, da abin juyawa da hannu a daidai ƙirji. A baya akwai akwatin katako. A cikinsa Wada yake ɗora kaya daga bakin iyaka zuwa kasuwar Gazawa: jarkokin mai, katan-katan taliya, wani sa'in buhun siminti. Na Alhaji Chindo ne mafi yawan kayan, mai babban shago a bakin tasha. Da wannan aiki Wada ya auri Zinariya, da shi ya raɗa wa ɗiyarsu Hamdiya suna, da shi ya sa ta lakol karatun boko.

Hanyar rairayi ce. In damina ta yi ta zama taɓo, in rani ya yi taya ta nutse. Shekaru suka wuce yana murza ƙarfe a kanta, har damatsansa suka yi kauri kamar taɓarya, kafaɗunsa suka fi ƙarfin kowace riga ta kasuwa. Wani lokaci baƙon da bai san shi ba yakan jefa masa sadaka cikin akwati. Wada yakan tsaya, ya ɗauko, ya miƙa masa abinsa cikin ladabi.

Wani malamin wasanni ne, Mushe Bilyaminu, ya gan shi wata ranar kasuwa yana hawan tudu da kaya niƙi-niƙi, bai ko tsaya numfasawa ba. Ya bi shi a babur har shagon Alhaji Chindo, ya ce masa ƙasa za ta karɓi baƙuncin gasar nakasassu ta ƙasashen Afirka, kuma ana neman masu ƙarfin hannu. Ilyasu, yayan Wada, ya yi dariya har da riƙe ciki da ya ji labarin.

"Gurgu da tsere! In kana son tafiya birni, ga Maradi nan kusa. Ranar Juma'a ka zauna bakin masallaci kamar sauran ƴan uwanka, ka huta da wahala."

Zinariya ba ta yi dariya ba. Ta wanke masa kayansa, ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin danƙo, ta ce, "Ka tahi, Baban Hamdiya. Mu ma a san da mu."

Aka ɗora keken a saman mota har Yamai, domin ba shi da wasu ƙafafu sai shi.

* * *

Ranar buɗe gasa, tawagar masu masauki ce ta shigo daga ƙarshe. Suna saye da riguna masu launin tuta, ruwan lemo da fari da kore. Da keken farko ya taka filin, sai jama'a suka miƙe gaba ɗaya, ganguna suka kaure, mata suka yi ta rangaɗa guɗa. Wada ya ɗaga kai. Duk tsawon rayuwarsa mutane daga sama suke kallonsa, amma bai taɓa ganin an kalle shi haka ba, babu tausayi a ido, babu mai laluben aljihu. Ya so ya ɗaga hannu, ya tuna in ya saki taya zai bar layi, sai ya yi ta gyaɗa kai kawai.

Da la'asar Zinariya ta kira shi a salula.

"Mun gan ka a tele! Gidan kallo ya cika har waje. Ni ta taga na leƙa, Hamdiya na bisa wuyana."

"Ta gane ni?"

"Ita ta fara gane ka. Yaya Ilyasu kuwa har bisa benci ya hau, yana cewa, ku dibi ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya."

Wada ya yi murmushi. Ya tambayi akuyarsu, ya tambayi ko geron ya isa yanka.

Tserensa ya zo a tsakiyar mako, da hantsi. Keken tsere ba irin nasa ba ne. Ba a murza shi, tayar ake duka da hannu cikin safar roba, mutum ya duƙa har haɓarsa ta kusa gwiwa. A sansanin horo tafukansa sun sha fashewa kafin ya iya. Da aka harba bindiga, sauran suka fice kamar an saki tsuntsaye, shi ya makara. A zagayen farko shi ne na ƙarshe. Bai firgita ba. Filin shimfiɗaɗɗe ne, babu rairayi, babu tudu, babu buhun siminti a bayansa. Ya ji abin kamar wasa. Ya fara wuce su ɗaya bayan ɗaya, a lokacin da hannuwansu suka fara nauyi, nasa kuwa yanzu suka ɗumama. A zagayen ƙarshe mutum ɗaya ya rage gabansa, wani Balarabe daga arewacin nahiyar wanda ya daɗe yana wannan wasa. Wada ya matse shi har layi, amma tayar gaban Balaraben ta riga tasa shiga.

Aka rataya masa lambar azurfa. Manyan mutane masu ƙamshin turare suka duƙa suna gaisawa da shi. Mushe Kamal ya rungume shi a gaban kamara, ya ce, "Ɗanmu ne, mu muka raine shi."

* * *

Washegarin rufe gasa, baƙi suka tafi. Da safe aka tara ƴan wasan gida a farfajiyar masauki, ga wata babbar mota a tsaye da ƙofarta a buɗe.

"Kowa ya sauka, za a loda kekuna," in ji Mushe Kamal.

Wata yarinya mai ɗaga nauyi ta ce, "Mushe, ba namu ba ne?"

"Aro ne. Wata ƙungiya ta waje ta ba da su don gasar. Yau za su koma."

"Amma ranar nan ka ce an ba mu."

"An ba ku ku yi gasa, kun kuma yi. Ƙasa ta gode."

Ɗaya bayan ɗaya suka zame ƙasa. Wada ya shafa hannun kujerar kafin ya sake ta. Abin bai yi masa zafi sosai ba, don tun farko bai sa ta a ransa ba.

"To Mushe, a kai mu mangazar mu ɗauki namu."

Mushe Kamal ya duba agogo, ya ce wannan ba sashensa ba ne, su tambayi mai gadin filin wasa. Ya shiga motarsa.

Dogo ne ya samo musu mai a-daidaita. Mai gadin, wani dattijo, ya saurare su har suka gama, sannan ya kawar da kai.

"Wace mangaza? Bayan katangar can aka zube su. Na faɗa wa manya, aka ce bayan gasa. Masu sayen tsohon ƙarfe kuwa ba su jira bayan gasa ba."

Wada ya ja jiki har bayan katangar. Fili ne mai ciyawa da ledoji. Ga sawun amalanke, ga guntayen roba, ga ƴan katakai a warwatse, don masu ƙarfe ba sa sayen itace. Ya gane akwatinsa, an ɓalle shi daga jikin keken da guduma. Ya daɗe yana riƙe da allo ɗaya daga ciki. Yana tunanin sarƙar, yadda yake shafa mata baƙin mai kowace Juma'a, yanzu tana kan sikelin wani.

Buron kwamitin, wato ofishinsu, a bene yake, babu hanyar hawa sai matakala. Dogo ya hau da sandunansa, Wada ya jira a ƙasa cikin rana. Da Dogo ya sauko, rigarsa ta jiƙe.

"Mi suka ce?"

"Sun ce abin bai yi musu daɗi ba. Za a zauna a kai."

"Yaushe?"

Dogo ya zauna kan matakalar ƙarshe, ya ajiye sandunan. "Wada, ni ina da waɗannan. Kai fa?"

Wada ya dubi tafukan hannunsa.

* * *

Labarin lambar ya riga shi isa Gazawa. Da motar ta tsaya a tasha bayan azahar, ga rumfa an kafa, ga kujerun roba na haya, ga makaɗa. Maza biyu suka ɗauko shi daga motar, suka zaunar da shi a farar kujera a tsakiyar rumfar. Babu wanda ya tambayi inda kekensa yake, sai Zinariya. Daga cikin mata ta dubi saman motar, ta ga babu komai sai buhunan albasa, ta dube shi. Ya girgiza mata kai kaɗan. Ta ja mayafinta ta rufe baki.

Aka yi jawabai. Shugaban kwamitin tarba ya ce Wada ya nuna wa duniya nakasa ba kasawa ba ce, aka tafa. Ilyasu ya tsaya a bayansa cikin sabuwar shadda, ya dafa kafaɗarsa a duk hoton da aka ɗauka. Da aka miƙa wa Wada lasifika, ya gode wa Allah, ya gode wa Mushe Bilyaminu, sannan ya ce, "Sai dai kekena da na tahi da shi..." Makaɗa suka zaci ya gama, suka kaure da kiɗa. Shugaban ya duƙo, ya ce masa a kunne, "Za a duba, za a duba," ya karɓe lasifikar.

Jama'a suka fara watsewa. Alhaji Chindo ya zo ya yi masa barka da hannu biyu, cikin sakin fuska.

"Ka fidda mu kunya, Wada. Kayan nan dai na ba wani yana ɗauko min, ka san kasuwa ba ta jira. Amma duk ranar da ka samu keke, ka zo, ƙofata a buɗe take."

"Na gode, Alhaji."

Ilyasu ya tsuguna, ya ɗaga lambar, ya auna nauyinta a tafin hannu.

"To yanzu tunda ba keke, ka ji shawarata. Ka riƙa rataya wagga ranar Juma'a a Maradi. Duk wanda ya gan ka a tele ba zai wuce ka ba."

Wada ya zare lambar daga hannunsa a hankali. "Sai da safe, Yaya."

Rumfar ta zama fayau. Mai hayar kujeru ya tattara kayansa ya ɗora bisa amalanke, saura guda. Ya tsaya gefe yana murza hularsa, yana satar kallon kujerar da Wada ke zaune. Wada ya gane. Ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya zame daga kujerar.

"Bari in nemo kabu-kabu," in ji Zinariya.

"Bar shi. Gida ba nisa."

Ta cire takalmanta na roba ta miƙa masa, ya zura su a tafukansa saboda zafin rairayi. Ta ɗauki jakarsa a kai, ta kama hannun Hamdiya, suka bi shi a hankali, ba su wuce shi ba. Igiyar lambar doguwa ce, an yi ta ne don mai zaune a miƙe. Yana jan jiki, azurfar na taɓa ƙasa, tana ja wa rairayin siririn layi a tsakanin sawun hannuwansa, tun daga tasha har ƙofar gida.