Sulen da ya sha hayaƙi

Abu biyu Mas'udu ya dawo da su daga haƙar zinariya a arewa: tari da sule guda. Tarin ya kai shi kabari kafin kaka. Sulen kuwa ya bar wa matarsa Barira, ya ce duk garin zinariyar da ya tara ne ya musanya da shi wurin wani farke a Agadas, don ya fi sauƙin ɓoyewa a hanya. Barira ta naɗe shi a tsumma ta soke a jinkar madafa, saitin murhu, inda ɓarawo ba zai yi tunanin kai hannu ba. Damina ta zo ta wuce, ta sake dawowa, hayaƙi da maiƙo suna ta aikinsu.

Sai ƙanen mijinta Ishaƙu, ɗan kabu-kabu mai haya da babur a Gidan Amumune, mutumin da ko ƙadangare ya gani sai ya ɗauke shi hoto, ya matsa mata lamba sai ya ga sulen. Ya goga shi a riga sama-sama, ya ɗauka da waya, ya tura wa Sharifu, maƙerin zinariya a Tasawa. Amsa ta zo da murya, shi kuma sarkin hankali ya kunna ta a tsakiyar 'yan shayi.

"Wannan tagulla ce aka yi wa wanka. Dubi baƙi-baƙin nan. An cuci mai ita."

Kafin la'asar magana ta zagaye gari. Wasu suka ce an yi wa Mas'udu wayo. Wasu suka ce shi ne ya yi wa iyalinsa, don kada a ce ya dawo hannu rabbana. Ga shi wanda ke kabari ba ya da bakin kare kansa. Inna Safa, mahaifiyarsa, ta daina fita, ba barka ba gaisuwa, ta ce ba ta iya haɗa ido da mutane. Wannan ne ya fi ƙona wa Barira rai. Ta zauna da mutumin nan shekara da shekaru, ko farashin akuya bai taɓa ƙara mata ba.

Da safe ta tare Ishaƙu a zaure.

"Cika motonka da esansi. Tasawa za mu tahi."

"Haba Yaya, ai mutumin ya riga ya hwaɗi."

"Hoto ya gani. Ni ma in ka ɗauke ni da wannan portabul ɗin naka, sai a ce kakarka ce."

Suka sha yashi har Tasawa, ta riƙe bakin zanenta gam inda ta ƙulle sulen. A hanya ta yi ta tunani. In maƙerin ya maimaita maganarsa fa, a gabanta?

Sun sami Sharifu a rumfarsa yana gyaran ɗan kunne, yana hira da maƙwabcinsa. Ko kallonta bai yi sosai ba, ya miƙo hannu. Da sulen ya sauka a tafinsa, hannun ya ɗan yi ƙasa, hirar kuma ta tsaya a tsakiya. Ya jinjina shi. Ya sake shi a kan dutse, ya kasa kunne, ƙarar ta fita siririya ta daɗe ba ta mutu ba.

"Baiwar Allah, ina kika aje wannan?"

"Cikin jinkar madafa, Alhaji."

"Innalillahi! Kilishi kika so ki yi da shi?"

Ya jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu, ya bi shi da ɗan buroshi. Ruwan ya koma baƙi. Rubutun da ke jikin sulen ya fito ɗaya bayan ɗaya, ja-ja kamar man shanun da aka soya. Sai ya goga gefensa a kan baƙin dutsen gwaji, ya ɗiga ruwan asid a kan zanen da ya bari. Barira ta zuba wa dutsen ido. Ruwan ya zauna, zanen yana nan daram, ko disashewa bai yi ba.

"Karat ashirin da biyu," in ji Sharifu. "Wane mara tsoron Allah ya ce miki tagulla ce?"

"Kai ne, Alhaji."

Ishaƙu, da yake ba ya raina abin tsokana, ya kunna masa muryarsa. Sharifu ya kama baki, maƙwabcin ya fashe da dariya har da buga cinya.

"To, na ci tuwon kunya," in ji Sharifu. "Waya ba ta da sikeli, ba ta da kunne. Hayaƙinki na gani na yanke hukunci. Miƙo ta nan, yaro. Da baki na ɓata, da baki zan gyara."

Ya yi sabuwar murya, ya ambaci sunan Mas'udu, ya ce zinariya ce ta ƙwarai, wanda ya zaɓe ta ya san abin da yake yi. Sannan ya taya sulen. Barira ta ce ba sayarwa ta kawo ta ba. Ishaƙu ya ɗaga waya zai ɗauki sulen yana ƙyalli, ta dunƙule hannu.

"A'a. Mai son gani ya kawo tahin hannunshi."

Da suka shigo gari muryar ta riga su isa. 'Yan shayi suka miƙe suna kiran ta tsaya su gani, ta ce wa Ishaƙu ya wuce. A ƙofar ɗakin Inna Safa ta sauka, ta durƙusa, ta kamo hannun tsohuwar ta buɗe shi.

"Inna, ga kayan ɗanki."

Idanun Inna sun yi rauni, ba ta ganin ƙyalli. Amma ta ji nauyin. Ta jinjina, ta sake jinjinawa, hawaye suka gangaro mata, tana dariya.

"Na sani. Ban haihi maƙaryaci ba." Ta dunƙule sulen, ta lalubo sandarta. "Ɗauko mini gyalena, ɗiyata. Akwai gidajen da ban tahi barka ba."