Sunan Mai Layi

Duk matan Hausawan unguwar Mu'aither, can ƙasar Larabawa, sun san Rukayatu da baki, amma ranar Talatar nan bakin ya ci amanarta.

Jibi za ta kare digirinta ta bidiyo gaban malamanta na Zariya, ga intanet ɗin gidan yana tafiyar hawainiya. Ta gaji, ta kira sabon kamfani. Ma'aikacinsu, wani ɗan Nepal, ya buɗe akwatin bango ya girgiza kai: tsohon kamfani na riƙe da layin, sai an kira su sun sake shi. In ba haka ba shi zai wuce, kuma sai bayan mako uku.

Maigidan yana gadi inda ake karɓe waya tun daga ƙofa, amma ya sa ta cikin masu izini a kan layin, da yake da sunansa aka buɗe. Ta kira tsohon kamfanin, ta buɗe murya kowa na ji. Hajiya surukarta, da ta zo ganin jika, na gefe tana tsince zogalen da ta taho da shi daga Funtuwa.

"Madam, faɗi cikakken sunan mai layin," in ji matar kamfanin da Turanci.

"Baban Fauzia."

"Ba haka ke nan a rubuce ba."

Tirƙashi! Shekara tara da aure, Rukayatu ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, balle a gaban uwarsa. Kuma cikakken suna, ai har da na suruki ke nan. Ta karanto lambar katinsa, ta faɗi ranar haihuwarsa, har tabon goshinsa ta kwatanta. Matar ta ce ana naɗar murya, doka ce, suna take so.

"Hajiya, ko za ki leƙa mini Fauzia a ɗaki?"

"Barci take. Me baiwar Allahn nan ke nema ne?"

"Sunan... shi, Hajiya. Da na Baba."

Hajiya ta sunkuyar da kai cikin zogale. Ita ma ɗin ɗan farinta ne, tun da ta haife shi "yaron nan" take cewa. Mata biyu, babu wanda ya kai su sanin sunan a duniya, sun yi tsuru-tsuru. Ɗan Nepal ya duba agogo. "Yalla, yi sauri, madam." Ya fara naɗe wayoyinsa.

Shekara biyu na karatu za su tafi a banza, hawaye suka cika mata ido, don haushi da kunya.

Hajiya ta dube ta, ta ture tire.

"Kai, wannan wace irin masifa ce! Ke, ce mata Ɗalhatu Isiyaku!"

Rukayatu ta runtse ido ta maimaita da sauri.

"Khalas, an saki layin," in ji matar.

Fitilar akwatin ta koma koriya, ɗan Nepal ya yi sallama. Rukayatu ta juyo za ta yi godiya, sai ta ga Hajiya zaune, hannu a kan baki.

"Shekara arba'in da ɗaya muna tare da Malam," in ji ta a hankali, "har aka kai shi kabari bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Yau ga shi na faɗa wa matar kamfani."