Koriyar Waya a Bayan Agogo

Tagar ɗakin Amarya ba ta kallon komai sai haƙarƙarin mota. Tsohuwar a-kori-kurar surukinta ce, an shigo da ita tsakar gida tun kafin a gina shagon da ya toshe babbar ƙofa. Yanzu ko inji ya yi lafiyar doki, ba ta da hanyar fita sai dai ta sama. Amarya kuwa suna ne kawai ya bi ta, don 'yarta ta fari ta kamo ta a kafaɗa.

Mijinta Auta mai gyaran wutar mota ne. Furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma Auta yake har gobe. Wani mai gareji a wani gari ya daɗe yana kiransa: ga aiki, ga ɗaki ciki da falo, ga taga mai kallon titi. Tsoho, mahaifin Auta, bai rasa mai kula da shi ba, babbar 'yarsa ta dawo gida da zama. Sai dai Auta ya rantse ba zai ɗaga ƙafa ba sai motar Baba ta koma yadda ta fito daga kamfani. Amarya ta ɗaure kaya tun ranar rantsuwar. Igiya har ta yi wa jaka shati.

Kullum da abin da ya rage. A gyara fitila, ham ya shaƙe. A gyara ham, agogon mai ya kwanta. Tsoho na zaune a kujerarsa jikin taya, idanu duk yanar tsufa ta rufe su, yana ta tambayar, "Saura me?" Amarya tana kai masa ruwa da ladabi, a ranta kuwa cewa take, tsohon nan shi ke ƙirƙiro wa mota ciwo don kada ɗansa ya tafi.

Abu na ƙarshe wani rami ne zagayayye a gaban direba, kusa da maleji, an toshe shi da murfin gwangwani. Nan ne mazaunin agogon da ke nuna juyin inji. Shi wannan agogo ba ruwansa da tafiya, ko mota na tsaye allurarsa tana tashi. Kasuwa cike take da na zamani masu lambar wuta, Auta ya ce sam, sai irin na asali: baƙar fuska, farar allura, da zoben ƙarfe mai ƙyalli. Amarya ce da kanta ta bi 'yan gwangwan, masu sayar da tsofaffin kayan mota, layi-layi har ta samo shi, ta kawo a ƙunshe cikin gefen mayafi kamar ƙwai. A satin ne kuma mai gareji ya aiko cewa in wata ya mutu bai ga Auta ba, zai ba wani.

Ranar ɗaurawa Auta ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari, kai a ƙasa, ƙafafu a kan kujera. Agogo ya shiga raminsa daram, kamar da shi aka haifi motar.

"Hau ki taka min totur," in ji shi. "Baba ba ya gani, ni kuma ina ƙasa. Ke ce idonmu."

"Yau kuma ni ce ido? To, mun ci gaba."

Ta tattare zane ta hau. Cikin motar zafi kamar tukunya, ga warin tsohuwar roba, ga bangon shago ya tokare gilashi. Ta murɗa makulli, inji ya yi tari ya kama. Ta taka. Farar allura ta miƙe tsaf ta hau sama, ba rawa ba gargada.

"Ta tashi! Baba, wallahi ta ta..."

Allura ta faɗi ƙasa tim.

Amarya ta sunkuya ta leƙa tsakanin ƙafafunta. Ga koriyar waya tsakanin yatsun mijinta, bakinta a waje, yana ƙoƙarin cusa ta bayan wasu wayoyi. Suka haɗa ido, shi a juye, ita a daidai. Nan take ta tuno ham, ta tuno agogon mai, ta tuno duk ruwan da ta kai wa tsoho tana zaginsa a ciki.

"Ficewa ta yi," ya ce a hankali.

"Da ƙafarta?"

"Ki rage murya."

"Mayar."

"Ke, can ban san kowa ba. Nan ko ido rufe na san inda kowace ƙusa take. In na je na kasa fa?"

Ta ɗora tafin ƙafarta a kan ƙirjinsa, ba da ƙarfi ba, yadda ake danne tabarma kada iska ta ɗauka. "Mayar, Maigida."

Ya mayar. Allura ta sake miƙewa.

"Ta zauna, 'yata?" tsoho ya tambaya daga waje.

"Ta zauna, Baba."

"To madalla. Dama idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Duk ran da yaron nan ya zare waya ina jin ɗan ƙas ɗin nan. Na ce bari in ga ranar da za ki kama shi da kanki, don in na faɗa, cewa za ki yi ruɗin tsufa ne." Ya gyara sandarsa. "Mota ta kammala. Auta, rantsuwarka ta fita. Ku tafi ku ba ni wuri in sha iska."

Inji na ta gurnani yana tura hayaƙi cikin tagar Amarya.

Can sai Auta ya ce, "Hannuna ya maƙale."

"Wane hannun?"

"Na dama. Bayan agogon. Da gaske nake, ba ya fita. In an ja, agogon zai fashe."

Amarya ta dube shi. Ko gaskiya ne ko ƙarya, fuskar mutum a juye ba ta karantuwa. Ta kashe inji, ta sauko, ta tsaya a ɗan lungun da ke tsakanin mota da bango, inda sai a karkace mutum ke wucewa.

"Baba, ina gwangwanin baƙin mai?"

"Ga shi nan bayan taya. Zuba masa har gwiwar hannu, kada ki yi rowa."

Ta ɗauko, ta cire murfi, ta durƙusa a bakin ƙofar mota.

"Rigar fa?" in ji Auta. "Sabuwa ce."

"Akwai wata a jaka," ta ce, ta fara tsiyayawa. "Sai mun isa can garin za a kwance ta."