Wasan da Lado Ya Kasa Sallamawa

Motar Lado tana cikin layi a Magama, bakin iyakar Jibiya, ɗauke da albasar Hajiya Mutmainna ta Katsina, kuma albasar ta fara wari. Ba wari sosai ba tukuna. Sai mutum ya zagaya bayan motar da tsakar rana zai ji shi yana fitowa ta ƙarƙashin tamfol, wani ɗumi-ɗumi mai zaƙi. Lado ya san abin da wannan ke nufi. In motar ta fita yau ko gobe, Hajiya za ta tsira da mafi yawan kayanta, ta kuma ci gaba da ba shi lodi. In ta ƙara daɗewa a wannan zafin na bazara, to ruwa zai kai mata a buhuna.

Tun da aka sake buɗe iyaka motoci suka yi yawa, ana duba su ana saki kaɗan-kaɗan. Wata rana a saki da dama, wata rana kuma har magariba ba a ɗaga ƙarfen ƙofa ba. Babu wanda ya san lokaci. Saboda haka direbobi suka ɗora wani tsohon direba da ya daina tuƙi a kan layin, ana ce masa Maɗugu. Dokarsa guda ce, kowa ya san ta: in layi ya motsa ba ka cikin motarka, za a zagaye ka, kai kuma ka koma can ƙarshe.

Zaman ya ishi kowa. An yi hira har ta ƙare, an sha shayi har ya daina daɗi. Yaron motar Lado ma ya gaji ya tafi garinsu Riko, ya bar shi shi kaɗai. Abin da ya rage masa shi ne Nasiru, direban motar da ke bayansa, mutumin Maraɗi, dogo mai yawan dariya. Shi ne ya nuna masa darar Turawa a waya, wadda ake ce wa ces.

Wayar Lado ba ta da wurin ɗaukar sabon abu, don haka a burauza Nasiru ya buɗe masa wani shafi. Allo ne mai gidaje fari da baƙi, kai ka ɗauki farare, kwamfuta ta ɗauki baƙaƙe. Nasiru ya koya masa tafiyar kowanne. Sarki taku ɗaya yake yi, kamar mai ciwon gwiwa. Sarauniya kuwa duk inda ta ga dama. Doki yana tsallake. Na gefe Lado ya sa masa suna soro, na kusa da sarki ya ce masa mai rawani, ƙananan da ke gaba kuma 'yan dako, tun da su ake turawa su fara shan wahala. Rubutun shafin duk Turanci ne, shi kuma karatunsa bai yi nisa ba, amma wasan ba ya bukatar karatu. Ka taɓa, ka tura, ka jira.

Matsalar ita ce sabis. A inda motocin suke, waya ba ta san ƙasar da take ba. Yanzu ta kama na Nijeriya, an jima ta koma na Nijar, shafin ya daskare da doki a sama. Sai ka fita daga layin, ka wuce masu sayar da abinci, ka hau wani ɗan tudu mai tsamiya, a nan sabis ke zama. Da ɗan nisa, amma ana jin hon daga can.

"Je ka abinka," in ji Nasiru. "In kamiyo ya motsa, wato motar gaba, zan danna maka hon. Dogo guda, gajeru biyu. Ka ji shi ka sheƙo."

Haka Lado ya riƙa yi. Kuma kullum kwamfutar cinye shi take yi, tun kafin ya gyara zama. Ba ya jin haushi. Yakan girgiza kai ya ce, "Mutumin nan ba shi da sauƙi," ya sake jera wasa.

"Wane mutum?" Nasiru yakan ce. "Kai ɗan Daddara, inji ne fa. Ba ya cin tuwo, ba ya gaisuwa."

"Na sani."

"Ka sani, amma jiya na ji ka kana ce mashi sannu da ƙoƙari."

Lado ya yi murmushi kawai. Ya san inji ne. Sai dai shi a gindin dara ya tashi. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, yana cikin masu dara na garinsu Daddara, waɗanda ke tona gurabe a ƙasa bayan la'asar su jera tsinke da dutse. A wurinsu a cinye ka ba abin kunya ba ne. Abin kunya biyu ne. Na farko ka ajiye ɗa ka sake ɗauke shi. Na biyu ka tashi ka bar abokin wasa zaune da wasa a buɗe. Ko gobara ake yi, sai ka dube shi ka ce, "Na sallama," shi kuma ya shafe guraben da tafin hannu, sannan ka miƙe. Wanda ya tashi haka kawai, an daina zama da shi ke nan. Lado yana ƙarami ya ga an yi wa wani haka. Mutumin ya riƙa zuwa yana tsayawa a bayan mutane, babu mai matsa masa wuri. Wannan abin ya zauna a jikin Lado, ba ya ma tunaninsa. Duk wasan da ya buɗe a waya sai ya kai shi ƙarshe, kuma da yake ƙarshen ba ya daɗewa, abin bai taɓa damunsa ba.

Ranar da abin ya faru, da safe Hajiya Mutmainna ta kira.

"Lado, ina kwana. Yaya kayan?"

"Lafiya lau, Hajiya. Muna nan dai. Mun matso gaba sosai, in Allah ya so yau."

"Jiya ma haka ka ce mani."

"Haka ne, ranki ya daɗe."

Ta yi ajiyar zuciya. "Kada ka yi nisa da motar nan, don Allah."

Ya ce to. Da ya ajiye wayar Nasiru ya ga fuskarsa, ya miƙo hannu.

"Kawo nan. Yau sai ka ci wanga inji ko sau guda, ko ranka ya yi sanyi."

Ya shiga shafin, ya ja wani ɗan abu a gefe har ƙarshen hagu, ya mayar masa.

"Me ka yi?"

"Na rage mashi ƙarfi. Yanzu ko akuya ta iya cinye shi."

"Ai wannan ba adalci ba ne."

"Adalci? Shi da yake yanka ka safe da yamma ya yi maka adalci?"

Lado ya zauna a inuwar motarsa har aka yi azahar, saboda maganar Hajiya. Ƙofa ba ta motsa ba. Ƙarfen motar ya yi zafin da ba a iya jingina da shi, ƙudaje sun gano bayan tamfol. Wani direba ya dawo daga gaba ya ce da alama yau ma babu labari. Lado ya ji in ya ƙara zama yana shaƙar warin nan kansa zai fashe. Ya ce wa Nasiru wasa ɗaya zai yi ya dawo, ya nufi tudu.

Wasan ya zo daban. Kwamfutar da ta saba shaƙe shi tun farko yau sai yawo take yi. Ta ajiye doki a bakin ɗan dakonsa, ya ci. Ta bar soro a buɗe, ya ci. Bai ji daɗin da Nasiru ya yi masa alkawari ba, ya ji kamar yana kokawa da mara lafiya. Ga shi kuma bai iya kashe wasa ba, don bai taɓa kaiwa nan ba. Ya bi baƙin sarki nan, ya zille can. Wasa ya yi tsawo.

Sai ya ji hon. Dogo guda, gajeru biyu.

Ya miƙe tsaye da sauri, wayar a hannu. Can ƙasa ya hango hayaƙi yana tashi daga motocin gaba. Abin da ya kamata ya yi a fili yake, ya jefa waya aljihu ya ruga. Ƙafarsa ma ta fara. Amma idonsa ya koma kan allon, ya ga nasa ne taku, abokin wasa yana jira. Ya ce a ransa, bari in sallama, ai ba ya ɗaukar lokaci.

To ta ina ake sallamawa? Bai taɓa bukata ba, Nasiru bai taɓa nuna masa ba. A ƙasan allon akwai 'yan alamomi a jere da rubutu ƙanana. Ya taɓa na farko. Sai ya ga sarauniyarsa ta koma inda ta fito, takun da ya yi ya warware. Ya ajiye ɗa ya sake ɗauka ke nan. Kunya ta kama shi shi kaɗai a kan tudu.

"Yi haƙuri," ya ce, ya mayar da ita inda take.

Ya taɓa na biyu, wata kibiya ta fito tana nuna masa inda zai taka ya ci. Satar amsa. Ya janye yatsa kamar ya taɓa wuta, ya ji tsoron sauran.

Hon ya sake tashi. Dogo guda, gajeru biyu. A bayansa kuma wasu hon ɗin, masu fushi.

Sai dabara ta zo masa. Tun da ba a sallamawa, bari ya ba da kansa a cinye shi, ai mutumin ya iya wannan. Ya ɗauki sarauniya ya ajiye ta a gaban baƙin mai rawani. Kwamfutar ta yi ɗan tunani, ta tura wani ɗan dako a can gefe. Ya fito da sarkinsa tsakiyar fili, ba kowa a kusa da shi. Ta matsar da nata sarkin taku ɗaya.

"Haba, ci mana," in ji Lado. "Don Allah ci."

Ta ci ɗan dako guda, ta bar sarauniyar. Ya sake miƙa mata soro. Ta mayar da sarkinta inda ya fito. Gumi yana zuba a kan gilashin wayar, yana shafewa da gefen riga, yana turawa, ita kuma tana ta wauta a natse, kamar yadda Nasiru ya saita ta.

Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Abin da ya dawo da shi shi ne hon ɗin Nasiru ya daina. Nan ya ruga, bai sallama ba, ba a cinye shi ba. Yana gangarowa daga tudu sabis ya sauya, allon ya daskare a hannunsa.

Da ya iso, motarsa na tsaye ita kaɗai, gabanta fili, motoci suna fitowa daga bayanta suna zagaye ta ɗaya bayan ɗaya. Ta Nasiru ta riga ta shige ƙofa. Maɗugu yana tsaye a gefen titi da tawul a wuya, yana ba da hannu.

"Baba Maɗugu, ga ni. Don Allah..."

Tsohon bai dube shi ba sai da motar da ke wucewa ta wuce.

"Abokinka ya tsaya maka har aka fara zaginsa," ya ce. "Ya buɗe gaban mota wai ta ƙi tashi. Ni na ce mashi ya rufe ya tafi. Ina ka shiga?"

Lado ya rasa ƙaryar da zai yi, kuma dama bai iya ba.

"Ina kan tudu. Wasa nake, na rasa yadda zan sallama."

"Da wa?"

Ya nuna masa wayar. Maɗugu ya dubi allon, ya dubi Lado, ya daɗe yana dubansa. Bai yi dariya ba.

"Kai ɗan wa ne a Daddara?"

Lado ya faɗi sunan mahaifinsa.

"Na san shi. Na zauna da shi." Ya goge wuya da tawul. "Amma ka san in na bar ka ka shiga, gobe ba ni da bakin hana wani. Juya ta, ɗana. Ka koma baya."

Babu gardamar da Lado ya yi. Ya hau, ya tayar da mota, ya juya ta a hankali, ya bi gefen layin yana wuce motocin da suka zo bayansa, direbobi suna leƙowa. Wani ya ɗaga masa hannu, wani ya yi tsaki a madadinsa. Layin ya fi yadda yake zato tsawo. Kafin ya kai ƙarshe ya ji an ce an sauke ƙarfen ƙofa, na yau ya ƙare.

Ya kashe mota, ya zauna kaɗan, sannan ya kira Hajiya. Ya gaya mata an saki motoci, shi ba ya wurin, an mayar da shi baya. Ta tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya lau, laifinsa ne. 

"Hau ka buɗe buhunan," ta ce. "Duk wadda ta yi laushi ka fitar, kada ta kashe sauran. Ka bar tamfol a ɗage iska ta shiga."

"To, Hajiya."

"Maganar lodi na gaba kuma, sai ka zo."

Ya ce to. Ya tuɓe riga ya rataye a madubi, ya hau bayan motar ya kwance igiya. Buhun farko da ya buɗe, na sama-sama lafiya lau. Ya zura hannu can ciki, yatsunsa suka nutse. Ya zaro albasar da ta ruɓe ya jefa ƙasa, ya sake zura hannu.